Ɗan kifin da ke kwance ƙarƙashin dutse babu ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Plymouth, ƙasar Ingila. Ranar Asabar mun je bakin teku a Wembury bayan ruwa ya janye, na ɗaga wani dutse sai ga ɗan kifi mai tsawon yatsa, ruwan ƙasa da dabbare-dabbare, kwance a damshi babu ruwa. Na ɗauka matacce ne, ina taɓa shi ya sulale. Santsinsa kamar na tarwaɗa. Wane kifi ne wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Santsin da kika ji shi ya fara tona masa asiri. Da alama ɗan gidan Blenniidae ne, dangin da ke da nau'i wajen 400 a tekunan duniya, kuma sunan ma daga kalmar Girkanci ya fito mai nufin yauƙi. Ba su da ɓawo ko ɗaya, abin da ya haɗa su da tarwaɗa ke nan, amma babu dangantaka.

Sai dai a irin duwatsun nan akwai wani ɗan kifi da yake ruɗa mutane, wanda Turawa ke kira "goby". Shi yana da ɓawo, fiffiken bayansa biyu ne a rabe, na cikinsa kuma sun haɗe kamar ɗan faifai da yake mannewa da shi. Naki kuwa fiffiken baya ɗaya ne dogo tun daga ƙeya har kusa da wutsiya, ga wasu sirara biyu a ƙarƙashin maƙogwaro da yake dogarawa a kansu, ka ce mutum ne ya kafa gwiwar hannu yana kallon hanya.

Launin da kika ba ni kam ba zan kama shi ba, domin kifin nan yana sauya launi gwargwadon inda ya kwanta. Kan za ki duba. Idan goshin fayau yake, babu gashi babu tukku, to Lipophrys pholis ne, wanda mutanen wurin ke kira "shanny". Linnaeus, masanin halittu ɗan ƙasar Sweden, shi ne ya sa masa suna a 1758, kuma galibi ba ya wuce santimita 16. Idan akwai ɗan tukku guda a gicciye tsakanin idanu da ɗigo-ɗigo shuɗi mai haske a jiki, Coryphoblennius galerita ne, ƙarami, wajen santimita 8. A Ingila ana kiransa da sunan George Montagu, masanin halittun da ya zauna a Devon, yankin da Wembury take, ya rasu a 1815. Idan kuma geza biyu ne masu rassa a saman idanu kamar ƙahoni, Parablennius gattorugine ne, amma wannan ƙato ne, yakan kai santimita 30, kuma ya fi son inda ruwa ba ya janyewa.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da na farkon, wato "shanny", saboda inda kika tsince shi. Shi ne ya saba zama a bar shi a tudu: muddin fatarsa na da laima, yana shaƙar iska ta cikinta ya jira sa'o'i har teku ya dawo. Ba shi da jakar iskar da ke ɗaga sauran kifaye, don haka a ƙasa yake rayuwa, yana gatsar ƙananan kaguwa da halittu masu ƙoƙo da ke manne a dutse. Haƙoran da ke wannan aiki ba sa ƙin yatsa, ki kula.

Idan kin koma tsakanin Afrilu da Agusta kika ga wani ya yi baƙi ƙirin da fararen leɓɓa, ba sabon nau'i ba ne. Namiji ne ke gadin ƙwai da mata suka manna a ƙasan dutsen. Ki mayar da dutsen a hankali yadda kika same shi, ki jiƙa hannu kafin ki taɓa kowane, hoton da za ki turo min kuma ya kasance ta gaba ne, goshin ya fito sosai.