Kafin ka sayi babban madubi, duba abin da yake zaune a kai

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sau biyu na karanta tambayarka ina murmushi, don kamar ni na rubuta ta shekara bakwai da suka wuce. Ka ce kana da madubin hangen nesa mai faɗin baki milimita 130 da tsawon fokas milimita 900, a kan mazaunin da ake juyawa da hannu. Ka ɗaura masa kyamararka ta DSLR, Wata yana fitowa ba laifi, amma da ka juya kan taurari sai su zama layi-layi, gajimaren Oriyon kuwa, wato wani gajimaren gas da ke can cikin taurari, ko ƙyallinsa babu. Shi ne kake tambaya ko ka sayar ka sayi mai bakin 200. Kada ka saya, aƙalla ba yanzu ba. Ni na riga ka yin wannan sayayyar, kuma abin da na samu layukan nan ne dai, sai dai sun ƙara haske da tsawo. Na bar jaki na yi ta dukan taiki kusan shekara guda.

Madubinka ba shi da laifi. Duniya ce take juyawa da kai da kayanka gaba ɗaya, sama kuma tana zamewa a gabanka digiri 15 a kowace awa. Ido ba ya lura, amma madubi yana girmama motsi kamar yadda yake girmama abin da ake kallo. Gwada da kanka: sa Wata a tsakiyar allon kyamara ka cire hannu, cikin minti biyu zai gusa gwargwadon faɗinsa. Akwai wani lissafi da masu wannan harka suke yi a ka: raba 500 da tsawon fokas ɗinka, abin da ya fito shi ne sakan nawa za ka iya barin idon kyamara a buɗe kafin tauraro ya fara jan wutsiya. A 900, rabin sakan ke nan, kuma idan sensar kyamararka ƙarama ce irin ta APS-C, bai ma kai haka ba. In kuma sai da ka sa Barlow mai ninki biyu, wato ɗan lensin da yake ninka tsawon fokas, kafin hoto ya fito tas, kamar yadda yakan faru da irin madubin Newton, to fokas ɗinka ya koma 1800, lokacin ya sake ragewa da rabi. Rabin sakan ya ishi Wata har ya yi yawa, tunda hasken rana ne yake dukansa. Amma bai ishi gajimaren da haskensa ya yi tafiyar shekara kusan 1,350 kafin ya iso gare ka ba.

Abin da ban gane da wuri ba shi ne sana'a biyu ce a nan, suna ɗaya kawai suka haɗa. Ta farko ɗaukar abubuwa ƙanana masu haske: Wata, Mushtari, Zuhal, Mirriku. Ta biyu ɗaukar abubuwa manya masu dusashewa: gajimaren gas da tarin taurari. Mutane suna zaton na biyun ba sa ganuwa ne don ƙanƙanta. A'a. Andromeda, wani tarin taurari, wadda take nesa da mu tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5, faɗinta a sama ya kai digiri uku, wato ka jera Wata shida. Kai kuma madubinka, in kyamarar ta APS-C ce, abin da yake gani bai wuce digiri ɗaya da rabi ba a tsawo. Ko da komai ya tafi daidai, cibiyarta kawai za ka kama, gefunan su zube waje. Ba girmamawa take nema ba, lokaci take nema.

Saboda haka abin da zan ce ka fara yi bai buƙatar ka sayi komai. Cire kyamarar daga jikin madubin, ka mayar mata da lensinta, na milimita 50 ko 135, duk wanda kake da shi. Kafa ta a kan ƙafa uku. Lensi a f/2.8, wato tsawon fokas in an raba shi da faɗin baki, yana tara hasken gajimare da saurin da ya ninka na madubinka, wanda yake kusan f/7, fiye da sau shida. Sa kyamara ta ajiye RAW, wato ɗanyen hoton da ba ta sarrafa ba, ba JPEG ba, ISO kuma, wato ƙarfin jin haske, a 1600. Da na 50 ka ba ta sakan biyar, da na 135 sakan biyu. Sai ka yi ta ɗauka, hoto 200, 300, kana gyara saiti duk bayan 'yan mintoci don abin ya dawo tsakiya. Kada ka taɓa kyamarar da hannu lokacin ɗauka, yi amfani da rimot ko agogon jinkiri.

Kowane ɗaya daga cikin hotunan nan, in ka buɗe shi, takaici zai ba ka: duhu ne da yashi-yashi. Sirrin yana wajen ɗora su kan juna. Hasken gajimaren yana wuri ɗaya a kowane hoto, yashin kuwa yau yana nan gobe yana can, don haka idan aka haɗa su, haske yana taruwa, yashi yana cinye kansa. Amma ba ya tafiya kai da kai. Hoto 4 sun fi ɗaya tsabta sau biyu ne, hoto 100 sau goma, in kana son sau ashirin sai ka kawo 400. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce ya kwashe dare uku a kan abu ɗaya, ba hauka ba ne. Manhajojin Siril da DeepSkyStacker duk kyauta ne, kuma su suke daidaita taurarin su haɗa. Za su nemi wasu hotuna na gyara. Na duhu, waɗanda za ka gani da sunan dark, ana ɗaukarsu da murfi a rufe, da saiti iri ɗaya, a daren nan kafin kyamara ta canja zafi, ashirin zuwa talatin sun isa. Na fari, wato flat, ana ɗaukarsu ta fuskantar wani haske mai laushi da farin ƙyalle a bakin lensi, ba tare da an taɓa fokas ba. Na daɗe ina ƙyuyar na farin, ina cewa ɓata lokaci ne, sai da na gaji da ganin kusurwoyin hotona sun yi baƙi da tabon ƙura kamar zobe sannan na sallama.

Bayan haɗawa ma hoton zai fito baƙi ƙirin, kada gabanka ya faɗi. Sai ka ja hasken a hankali a cikin Siril ko manhajar gyaran hoto ta GIMP. Daren da na fara ganin fukafukan Oriyon suna fitowa daga cikin baƙin nan, da ɗan ja-ja a tsakiya, ban yi barci ba sai da gari ya kusa wayewa. A 1880 Henry Draper ya fara ɗaukar wannan gajimaren a hoto, da katon madubi, ya bar farantinsa a buɗe kusan minti 50. Abin da lensi ɗan ƙarami zai ba ka yau ya fi nasa nesa ba kusa ba.

Idan ka yi wannan ka ji abin ya shiga ranka, to kuɗin da ka tara don babban madubi ka zuba su a mazauni. Wanda ake nema shi ne na ikwatoriyal mai mota, wanda sandarsa ɗaya take kwance daidai da sandar da duniya take juyawa a kai, motar tana juya shi a hankali tana soke juyin duniya. Ka yi hankali da mazauni mai mota wanda yake tafiya sama da ƙasa, hagu da dama. Yana bin tauraro, gaskiya ne, don kallo da ido ba shi da aibu, amma a hoto dukan filin yana murɗawa, bayan kamar sakan 30 taurarin gefe sun fara zana baka. Ga mai kyamara da lensi, ɗan ƙaramin mazauni mai bin taurari da ake ɗorawa kan ƙafa uku ya wadatar, zai kai ka minti ɗaya ko biyu a hoto guda. In madubi za ka ɗora, kada nauyin ya wuce kamar rabin abin da aka rubuta mazaunin yana ɗauka. Wancan adadin na masu kallo da ido ne.

Saita sandar kuwa shi ne Larabar wannan Juma'ar. Ana nufar tauraruwar arewa, Polaris, wadda ba a kan cibiyar take daidai ba, ta kauce da ƙasa da digiri ɗaya, shi ya sa akwai manhajojin waya da suke nuna inda za ka ajiye ta a cikin ɗan madubin saiti. Tsayinta daga ƙasa daidai yake da latitud ɗin inda kake tsaye. Wanda yake kusa da ikwaita zai same ta ƙasa-ƙasa, gini ko bishiya ko hazo na iya tare ta, sai ya koma saiti ta hanyar lura da inda tauraro yake zamewa. Yana cin lokaci, amma ya fi inganci ma. 

Sai fokas, wanda ya fi komai cin amanata. Alamar ƙarshe da ke jikin lensi ba abin dogaro ba ce. Nemi tauraro mai haske, ka girmama shi sau goma a allo, ka murɗa har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta. Akwai wani murfi mai tsage-tsage da wani ɗan Rasha mai sha'awar wannan harka, Pavel Bahtinov, ya ƙirƙiro a 2005. In ka ɗora shi a baki, tauraro yana fitar da layi uku, da na tsakiya ya zauna daidai tsakanin biyun, shi ke nan. Ana iya yanka shi da kwali. Ka riƙa dubawa duk awa, don sanyin dare yana sa ƙarfe ya tsuke, fokas ya gusa. Na taɓa barin kyamara tana ɗaukar Kaza da 'ya'yanta awa biyu, na dawo na tarar raɓa ta rufe lensin tun a minti ashirin na farko. Tun ranar ba na fita sai da ɗamarar ɗumama lensi.

Kada kuma ka sayar da madubin naka, don a sana'a ta farkon nan gwani ne. Bar Wata idan ya cika, a lokacin ba inuwa, fuskarsa shafe take. Neme shi yana rabi, ka bi layin da ya raba haske da duhu, nan ramuka irin su Copernicus, mai faɗin kilomita 93, suke fitowa kamar ka sa hannu. Kuma bidiyo za ka ɗauka, ba hoto ɗaya ba, saboda iska tana kaɗa hoton kamar abin da ke ƙarƙashin ruwa. Manhajar AutoStakkert za ta tsince firam ɗin da iska ta lafa a cikinsu ta haɗa, ta RegiStax ta fito da zanen. A kan Mushtari kada bidiyon ya wuce minti biyu zuwa uku, don yana gama juyinsa cikin ƙasa da awa 10, zanen jikinsa zai goge. Watanninsa huɗu da Galileo ya gani a 1610 za su fito maka tun daren farko.

Ga gajimare, nemi daren da babu Wata, ka yi nesa da fitilu gwargwadon iko. Akwai ma'aunin duhun sama na Bortle, daga 1 mafi duhu zuwa 9 tsakiyar birni, awa ɗaya a 4 ta fi min dare guda a 8. Jan launin ma kada ka sa ran zai yi yawa, don hasken haidirojin na nanomita 656 ne, kyamarorin yau da kullum suna da taci, wato gilashin tace haske, da yake tare mafi yawansa. Rana kuwa, kada ka kuskura ka nufe ta da madubi ko lensi ba tare da tacin rana na musamman a gaban baki ba, cikin ƙiftawa take ƙona sensa, ido kuma ba ya dawowa.

Oriyon yana samuwa da farkon dare daga Disamba zuwa Maris, manhajar Stellarium za ta nuna maka inda yake. Nufi taurari ukun nan da suke jere, ka sauko kan takobin da ke rataye da su. Ɗauki 200 da na duhu 20, ka haɗa. In Siril ya ƙi daidaita su, yawanci fokas ne ya kauce, turo min hoto ɗaya daga cikin RAW ɗin in duba.