Ƙafar Baba Tana Ɗaurewa In Ya Yi Tafiya, A Bari A Yi Masa Ƙaho?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekararsa 64, yana sayar da hatsi a Tudun Hatsi a nan Gombe. Wajen wata takwas ke nan, in ya taso daga gida zuwa masallaci, kafin ya kai sai sha-raɓarsa ta dama ta ɗaure, dole ya tsaya ya dafa bango. In ya huta minti biyu zuwa uku sai ta sake shi. Yana da suga da hawan jini, kuma ya daɗe yana shan taba, ko da yake yanzu a ɓoye yake sha. Kawuna ya ce mataccen jini ne, har ya yi magana da wanzami zai zo ran Asabar ya yi masa tsaga da ƙaho. Wallahi hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin Asabar ɗin ta zo. Ka je wajen Kawu yau, cikin ladabi, ka roƙe shi a dakatar da wanzamin.

Ban duba Baba ba, amma yadda ka kwatanta ciwon ya yi kama ƙwarai da tsukewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa. Ciwo a tsoka, wanda tafiya ke kawowa a kusan wuri ɗaya kullum, tsayuwa kuma ta kore shi cikin 'yan mintoci, ga suga, ga hawan jini, ga taba. Wannan ya bambanta da amosanin gaɓɓai, wanda yawanci a gaɓa kamar gwiwa ko ƙugu yake zama. Ciwon da ke saukowa daga baya kuwa yawanci sai an zauna ko an sunkuya yake lafawa.

Yanzu maganar mataccen jini. Kusan kowane mako sai na ji ta a ɗakin duba marasa lafiya, kuma na gaji da ganin abin da take jawowa. Babu wani jini da ya mutu ya taru a ƙafar Baba. Matsalarsa akasin haka ce: jinin da ke isa ƙafar ya yi kaɗan, domin kitse ya daskare a jikin jijiyar ya rage mata faɗi. In yana zaune, ɗan abin da ke wucewa ya ishe shi. Da ya fara tafiya tsoka ta buƙaci ƙari, ba ta samu ba, shi ne take ɗaurewa. Manomin rani a Dadin Kowa da hanyar ruwansa ta toshe, shukar ƙarshen lambu ta fara yaushi, ai ba zai fasa kunya ya zubar da ɗan ruwan da ya rage ba. Jijiyar da ta tsuke tana can ciki, ƙaho ba ya kai wa gare ta. Baƙin jinin da ake nuna wa mutane a ce ga cutar ta fito, jini ne kawai da ya daskare bayan ya fita, haka na kowa yake yi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne raunin da aska za ta bari. Da jini ciwo yake warkewa, kuma da jini maganin da aka sha yake isa wurin. Ƙafar da jini bai wadace ta ba, ga suga a kai, ƙaramin yanka yana iya zama gyambo. Na taɓa kwance tsumma daga ƙafar wani dattijo, na ƙirga tsaga bakwai a jere a bayan ƙwaurinsa, an cusa musu baƙin gari. Mako uku da yi, babu wadda ta haɗe, biyu sun zama rami ɗaya, babban yatsa ya yi baƙi ya bushe. Da ƙafarsa ya je wajen mai tsagar, a kujerar guragu ya bar wajenmu. 'Ya'yansa suna ta cewa jifa ne. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci, domin abin da ya fara damunsa irin na Baba ne sak.

Na san za a ce hijama sunna ce. Ba ina jayayya da wannan ba, malamai sun fi ni sani. Ni dai aikina in gaya maka kada ƙarfe ya taɓa fatar wannan ƙafar. Haka gashi da ruwan zafi, da miƙa ƙafa ga kaskon wuta lokacin hunturu: mai suga sau da yawa ba ya jin zafi sosai a tafin ƙafa, sai ya ƙone bai sani ba. Su kuma masu yawo da mota da lasifika suna tallar maganin "wanke jijiya", da yaron kemis da ke ƙulle ƙwayoyi biyar a leda ya ce na sanyi ne, Allah ya shirye su. Magungunan kashe zafin ciwo irin su dikilofenak ba sa buɗe jijiya, sai dai su ƙara hawan jini su wahalar da ƙoda.

Ka kai Baba Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ka faɗa wa likita labarin kamar yadda ka rubuto mini, har da maganar taba. A cire masa takalmi a taɓa bugun jini a bayan gwiwa, da idon sawu, da saman ƙafa. Akwai gwaji mai sauƙi da ake auna ƙarfin jini a idon sawu a raba adadin da aka samu da na hannu. In sakamakon ya zo 0.9 ko ƙasa, jijiya ta tsuke. A masu suga wani lokaci jijiyar takan yi tauri lissafin ya haura 1.4, sai a ƙara da hoton Dofla, wato hoton da ke nuna yadda jini ke gudana a jijiya. A duba kitsen jini, da ƙoda, da zuciya, domin abin da ya tsuke jijiyar ƙafa yana tsuke ta zuciya da ta ƙwaƙwalwa. Mafi yawan masu wannan ciwo ba sa rasa ƙafa in sun kula, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki muka fi ji musu tsoro. Shi ya sa ake ba su maganin rage kitse irin su atobastatin, da asfirin ko makamancinsa, amma likita ne zai rubuta, musamman in akwai olsa.

Taba dole a bar ta gaba ɗaya, ba ragewa ba. Ka sami wanda Baba ke jin nauyinsa ya yi masa maganar, ba a gaban yara ba. Tafiya kuma magani ce, kada ku ce ya zauna ya huta. In likita ya amince, ya taka har ciwon ya zo, ya tsaya ya lafa, ya ci gaba, minti 30 zuwa 45, sau uku a mako, na tsawon mako 12 ko fiye. Kowane dare wani ya haska fitila ya duba tsakanin yatsunsa da dunduniya, a tsane ƙafar bayan alwala, kada ya taka ƙasa ba takalmi, kuma a raba shi da masu yankan farce na kasuwa.

In ciwon ya fara tashinsa daga barci har sai ya sauko da ƙafar daga gado yake samun sauƙi, ko wani rauni ya ƙi warkewa, ko yatsa ya canza launi, a kai shi cikin kwana ɗaya ko biyu, a dakatar da atisayen. In kuwa ƙafar ta yi sanyi farat ɗaya, ta yi fari, ta sage, ya kasa motsa yatsu, ko ƙarfe biyun dare ne ku nemi mota zuwa sashen gaggawa, domin bayan kamar awa 6 tsoka takan fara mutuwa.