Oga ya rubuta "noted" a takardata, ba amincewa ba ce?

Tambaya: Malam don Allah a taimaka, na rubuta takardar neman hutun sati biyu, oga ya rubuta noted ya sa hannu, ni kuwa na yi tafiyata, ina dawowa sai ga takardar tuhuma wai na bar aiki ba izini. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Ɗan'uwa, bai amince ba. Abin da kake nema approved ne, don approve shi ne na sama ya sahale wa na ƙasa. Ko shi ma a kula, in ya ce I approve of it abin ya yi masa kyau ne kawai, ba izinin ofis ba ne. Agree na daidaitawa ne, agree with mutum a ra'ayi, agree to sharaɗin da aka gindaya maka. Accept karɓar tayi ne, na aiki ko na farashi. Consent ya fi nauyi, izinin mai haƙƙi ne, shi ne fom ɗin da ake sa wa hannu kafin tiyata, shi ne kuma dokar filaye ta 1978 ta ce a samu daga gwamna kafin a sayar da fili mai satifiket. Assent kuwa bar wa shugaban ƙasa, shi ne amincewarsa da ƙudurin majalisa ya zama doka.

Amma wannan noted ɗin wallahi ta gama da mutane da yawa. Ma'anarta na gani, shi ke nan. Ita da seen da acknowledged da received duk jirgi ɗaya ya kwaso su, ba wadda ta ce e, ba wadda ta ce a'a, kuma wasu ogogin da gangan suke laɓewa bayanta don in magana ta ɓaci su zare hannunsu su bar ka a ciki. Abin da ya fi ƙona min rai lauyoyin gindin bishiya, kana nuna musu takarda sai su ce ai tunda ya sa hannu an gama. Sa hannu a ƙarƙashin wace kalma? Ɗan kwangila ya ga noted ya ci bashi ya sayo siminti, ranar biya a ce masa waye ya ba ka aikin.

Yanzu dai ka amsa tuhumar cikin lokacin da aka ba ka, da ladabi, ka haɗa da kwafin takardar, ka ce ka fahimci noted a matsayin izini. Kar ka rubuta cewa oga ya amince, za a kama ka da shi.