Ƙwai a Baka: Me Ke Mayar da Ƙanina Caca?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanina ɗan shekara 21 ne, ɗalibi a Samaru. Sau biyu ke nan yana zuba kuɗin rajista a cacar ƙwallo ta waya. Ya rantse, ya yi kuka, bayan mako ya koma. Yana da ilimi, ya kuma san haramun ne. Me ke jan sa?
Daga wata yaya, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ilimi yana da shi, jira ne ya gagare shi. Masana kan gwada mutum da tambaya irin wannan: naira 5,000 yau, ko 8,000 bayan wata guda? Masu caca da masu shaye-shaye sun fi sauran mutane zaɓen ta yau. Kowa ya san ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, amma su ko kazar ta kusa shiga hannu, ƙwan za su ɗauka. Digiri yana can gaba, sakamakon wasa kuwa daren nan ne. Ga shi sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

Caca kuma an gina ta ne a kan wannan rauni. Sinadarin dofamin, mai sa ɗoki a ƙwaƙwalwa, yana tashi tun lokacin jiran sakamako, ba sai an ci ba, shi ya sa "saura wasa ɗaya na ci" ke zuga shi kamar ya ci. Ki yi masa lissafi: tikiti mai wasa 10, ko da kowanne yana da damar kashi 70 cikin 100, damar su fito duka ba ta kai kashi 3 ba. Mafi muni shi ne ƙwallon kwamfuta da ke ƙarewa cikin mintuna kaɗan, da komawa don fanshe asara. Tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa caca a rukuni ɗaya da jarabar ƙwaya.

Rantsuwa ba ta riƙe shi, don haka ku sa tazara tsakaninsa da kuɗi. Ku biya makaranta kai tsaye. Kuɗin abinci a ba shi tsaba, na kwana biyu ko uku. Ya nemi kamfanin cacar ya rufe asusunsa a gabanki, domin goge manhaja kawai aikin banza ne, cikin minti ɗaya zai sake sauke ta. Ya cire katin banki daga wayar. Asabar da Lahadi da yamma kada ya zauna shi kaɗai, kuma ya ƙaurace wa gidan kallo na ɗan lokaci.

Kada ku biya masa bashi a ɓoye. Idan ya fara ɗauke-ɗauke, ko yana haɗawa da tiramol, ko ya ambaci gajiya da rayuwa, ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin Barnawa a Kaduna, a ranar.