Amsar tambayar fulawar da ganyenta ya yi laushi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanwata, na ga hoton fulawarki snake plant da kika turo, na kuma ji bayaninki, kin ce ganyen ya fara yin rawaya daga gindi, yana laushi yana kwanciya, alhali kullum da safe sai kin ba ta ruwa. To ai ruwan nan shi ne ciwon. Don Allah daga yau ki ajiye butar nan.

Wannan fulawar mai dogon ganye a tsaye kamar takobi, wadda masu sayarwa ke ce wa snake plant, 'yar gida ce. Asalinta Afirka ta Yamma, daga Najeriya har Kwango, kuma danginta ne modar da ake cire zarenta a yi igiya da tsirkiyar baka. Ruwanta a cikin ganye take ajiyewa, shi ya sa kika ji shi da kauri. Sannan da rana takan toshe ƴan ƙofofin numfashin da ke jikin ganyen don kada danshi ya fita, sai dare ta buɗe. Abin da Allah ya halitta a haka, idan aka tsare shi cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, saiwar ba ta samun iska, sai ta ruɓe. Kafin ki ga alama a ganye, ɓarnar ta riga ta yi nisa a ƙasa.

Yanzu abin yi, ki kwantar da tukunyar ki zaro ta gaba ɗaya, ki kakkaɓe ƙasar. Ki duba saiwar da kyau. Mai lafiya za ki ji ta da tauri, fara ko ruwan lemo. Wadda ta yi baƙi, tana yauƙi tana wari, ki sa wuƙa mai tsabta ki yanke, har da ganyen da ya ruɓe, kada ki ji tausayi. Ki shanya ta a inuwa kwana biyu ko uku bakin yankan ya bushe. Ba za ta mutu ba, wallahi.

Ƙasar kuma ki canza ta. Rabi yashi mai tsakuwa-tsakuwa, irin na gini, rabi ƙasar lambu, ki farfasa gawayi kaɗan ki cuɗa. Taɓo da laka ba nata ba ne. Tukunya kuwa ni na fi son ta ƙasa, domin tana shanye danshi ta jikinta, ta roba riƙewa take yi. Kowacce dai kika samu, lallai a huda gindinta, kuma kada ki sai mata ƙatuwa, ta fi son matsi. Idan kin dasa, ki bari sai bayan mako guda ki ba ta ruwa.

Maganar yaushe za a ba ta, kada ki bi kalanda. Ki sami tsinken tsire ki soka har ƙasan tukunya. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, ki ƙyale ta. In ya fito a bushe ƙarau, ki zuba sosai a kan ƙasar har ya ɓullo ta gindi, ki zubar da wanda ya taru a faranti. Kada ki zuba a tsakiyar ganyen, nan ma ruɓewa yake. Da bazara yakan kai mako biyu, da damina kuwa wata guda ma ba komai. Da hunturu abin da ta fi buƙata shi ne ki jiƙa tsumma ki goge mata ƙura.

Ki ajiye ta kusa da taga inda haske ke shigowa. Tana jure lungu, sai dai girma zai tsaya. Ranar tsakar gida kai tsaye kuma ƙona ta take yi idan ba ta saba ba.

Af, wata ta ce an ce tana tace iskar ɗaki. Maganar ta samo asali daga gwajin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi a 1989, amma a cikin rufaffen akwati aka yi shi. Tukunya ɗaya a falo ba ta kai buɗe taga ba. Masu kyanwa da ƙananan yara ku ɗora ta sama, tauna ganyen na sa amai da gudawa.

Ƙanwata, in ma saiwar duk ta tafi, ki yayyanka lafiyayyen ganye tsawon yatsa, ya sha iska, ki soka ɓangaren gindin a yashi, zai yi saiwa cikin wata ɗaya ko biyu. Sai dai ratsin rawayan ado da ke gefen ganyen nan ba zai dawo ba, kore zalla zai fito. In kin zaro ta, ki turo min hoton saiwar kafin ki yanka.