Dalilin da ba a kwance bel sai jirgi ya tsaya cak

Malam, ka tambaya me ya sa ma'aikatan jirgi ke hana fasinja miƙewa bayan an sauka, alhali jirgin tafiya kawai yake a ƙasa sannu a hankali. To ai wannan tafiyar ma da nata hatsarin.

A manyan jirage, matuƙi ba ya hango ƙarshen fukafukansa sosai daga mazauninsa. Faɗin fukafukan Airbus A380 ya kusa mita 80, don haka kuskuren 'yan taku ya isa a gogi wani jirgin. Haka ta faru a filin jirgin JFK na Amurka a 2011, fiffiken A380 na Air France ya doki wutsiyar wani ƙaramin jirgi, ya juya shi da ƙarfi. Da akwai mai tsaye yana ciro jaka, da ya ji jiki.

Mafi muni shi ne jirage biyu su haɗu a titin tashi. A tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, a 1977, jirgin kamfanin KLM ya fara gudun tashi cikin hazo, na kamfanin Pan Am kuwa bai bar titin ba, mutum 583 suka rasu. Shi ya sa matuƙi ke maimaita umarnin hasumiyar da ke kula da zirga-zirgar jirage kafin ya motsa, kuma ba ya tsallake jajayen fitilun bakin titi. Idan aka ce masa tsaya, birki zai taka nan take, ba zai jira ka zauna ba.