Ga ɗiyata da ta ce addu'arta ta bushe

Salama a gare ku duka cikin sunan Yesu. Ɗiyata, ke da kika rubuto ba ki sa suna ba, tun shekaranjiya na ga tambayarki, na bari sai na samu zama don kada in amsa miki a tsaitsaye. Kin ce tun da ƙungiyar agajin da maigidanki ke wa tuƙi ta tattara ta tafi bayan juyin mulkin Yulin 2023, bai sake samun tsayayyen aiki ba. Kuɗin haya ya taru, an koro yara daga lakwal. Kina durƙusawa, amma baki ya ƙi buɗewa. Ranar Lahadi in wasu suka tashi ba da shaida sai ki ji ƙirjinki na zafi, har kin daina zuwa sujada. Kika tambaya ko bangaskiyarki ce ta mutu, ko kuwa Allah ne ya juya miki baya.

Ko ɗaya babu, ɗiyata. Wadda bangaskiyarta ta mutu ba ta damuwa da shirun Allah, kwanciyarta take yi ta yi barci. Ke da abin ya hana ki sakat har kika fito kika faɗa a gaban jama'a, da sauran rai a tare da ke. Gajiya ce ta yi miki yawa, ga kuma kaɗaici, kuma dukansu biyu suna da magani.

Ni ƴar Adar ce, a wani ƙauye na jihar Tawa aka haife ni. Mahaifina ya ji bishara ne a asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, sa'ad da aka kai shi jinya yana saurayi. Cikin ikilisiya na tashi, na san waƙoƙi, na san ayoyi, ina tsammanin ba abin da zai girgiza ni. Sai ga 2005. Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun tuna: damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta zo ta share abin da ya rage, kafin sabon hatsi ya nuna rumbuna sun zama wayam. Mazan garinmu, kamar yadda aka san mutanen Tawa da ci-rani, yawanci suna Abijan, can kuma ƙasar ta rikice tun 2002, aike ya yanke. Maigidana na cikinsu. Mun kai ga jiƙa anza kwana da kwanaki, muna zubar da ruwan ɗaci, mu dafa wa yara. A cikin wannan damana autata ta kwanta da zazzaɓi a kan jikin da yunwa ta riga ta cinye, ba ta tashi ba.

Bayan an binne ta, wata da watanni ban iya cewa ko "Ya Uba" ba. Ba wai na yi fushi da Allah ina zage-zage ba, a'a, ciki ne ya zama fayau. In na buɗe Littafi Mai Tsarki sai in ga baƙaƙe kawai.

Akwai wata tsohuwa a zumuntar matanmu, Allah ya riga ya kira ta gida. Kullum in rana ta yi sanyi sai ga ta da ƴar ƙwarya, wani lokaci fura ce tsararo wadda kusan ruwa ce zalla, ta shimfiɗa buzunta a ƙofar ɗakina ta zauna tana tsinkar zogale. Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba. Ba ta taɓa cewa in yi haƙuri ba, don ta san kunnena ya cika da wannan kalma. Sai ta tabbata na sha furar, sa'an nan ta ciro wani tsohon Littafi daga cikin zane, bangonsa ya rabu an ɗinke da zare, ta ce, "Ɗiyata, ni ban yi karatu ba, karanta mini Zabura ɗaya in ji." Don kunyarta nake karantawa, da murya kamar ta mai ƙidayar buhuna. Ita kuwa ta rufe ido tana cewa amin. Haka muka bi Zabura har muka ƙure ta muka koma farko. Ban san ranar da karatun ya daina zama nata ya zama nawa ba.

A nan na gano abin da ban taɓa ji daga kan bagade ba: cikin Zabura 150 ɗin nan, da yawa kuka ne da ƙorafi. Duba ta 13, sau huɗu Dawuda yake tambayar Allah har yaushe. Duba ta 42, mutumin yana tuna lokacin da yake jagorantar jama'a zuwa ɗakin Allah da sowa, yanzu hawaye ne abincinsa dare da rana. Ta 88 kuwa ko sassauci babu a ƙarshenta, da duhu ta rufe. Allah bai sa an cire su ba, ya bar su cikin littafin waƙoƙin jama'arsa. Ubangijinmu da kansa, a kan gicciye, da farkon Zabura 22 ya yi kira. Saboda haka in ba ki da kalmomin kanki, ari nasu. Karanta da ƙarfi, ko da ba ki jin komai. Addu'a ce cikakkiya. Bulus ma ya ce a Romawa 8:26 ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne ke roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa.

Ina so ki zauna da 1 Sarakuna sura 19 a wannan mako, ki karanta a hankali. Iliya ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko, ruwan sama ya dawo bayan shekarun fari. Saƙo ɗaya na barazana daga sarauniya Yezebel ya sa shi gudu. Ki lura, a Biyer-sheba ya bar baransa, ya shiga jeji shi kaɗai, ya zauna gindin wani itace ya ce ya isa haka, a ɗauki ransa. Annabi ne fa, ba sabon tuba ba. To, me Allah ya yi masa? Bai tsawata masa ba, bai ce ya yi azumi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ga gurasa da tulun ruwa. Ya ci, ya koma ya kwanta. Aka sake tashe shi aka ce ya ƙara ci, don tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana arba'in, a Horeb, aka yi maganar da za a yi, ita ma ba cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ba, cikin ƴar murya marar ƙarfi. Ya ce shi kaɗai ya rage, aka ce masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Aka ba shi aikin yi, aka kuma haɗa shi da Elisha don kada ya ƙara tafiya shi ɗaya. Abinci, barci, aiki, abokin tafiya. Mu mata mun saba zuba wa kowa mu kwana da ƙanzo, mu ce sadaukarwa ce. Ki ci abinci, ɗiyata. In kuma barci ya ƙaurace miki makonni, ko kin fara jin gara ki mutu ki huta, to ki je likita ki faɗi yadda kike ji ba ɓoye-ɓoye, ki kuma gaya wa wani babba da kika amince da shi a ranar. Ba rashin bangaskiya ba ne, ciwo ne kamar hawan jini, ana kuwa samun sauƙi.

Batun shaida a majami'a, na fahimce ki sarai, kuma a ganina mu manya muna da gyara a nan. Mun mai da lokacin shaida na waɗanda suka samu ne kawai: an samu aiki, an samu biza, an haihu, an sayi fili. Wanda ya kwana da yunwa bai saci na kowa ba, bai kuma saki Yesu ba, ba mai miƙa masa makirfo, alhali tasa shaidar ta fi nauyi. Kin san gawo. Da damana, sa'ad da kowane itace ya yi kore shar, shi zubar da ganye yake ya tsaya kamar busasshe, wanda bai san shi ba sai ya ce a sare a yi itacen wuta. Manomin Adar ba ya taɓa shi, don ya san hatsin da ke gindinsa ya fi na ko'ina kyau, kuma in rani ya yi tsanani, komai ya ƙone, shi ne mai ganye da inuwa, ƴaƴansa ke riƙe awaki. Kada ki auna lokacinki da na maƙwabciyarki a benci.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai da babbar murya. A irin wannan hali ne masu cewa sun ga wahayi a kanki ke yawaita. Za a ce asiri aka yi wa maigidanki, ko la'ana ce daga kakanni, ko wani zunubi ne kika ɓoye, a kawo mai ko ruwa a kwalba a ce ki ba da jaka goma, ko ki sayar da abin da ya rage miki ki "shuka iri". Kada ki ba da ko dala. Kowa a Yamai ya san abin da ya faru bayan Yulin 2023: an rufe iyakoki, wutar da ke zuwa daga Nijeriya ta yanke, shinkafa ta yi tsada, ayyukan ƙungiyoyi da dama suka tsaya. Dubban gidaje abin ya shafa, Musulmi da Kirista, masu addu'a da marasa yi. Ba laifinki ba ne. Da almajirai suka tambayi Yesu a kan makahon nan na Yahaya sura 9, wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, cewa ya yi ba ko ɗaya. Abokan Ayuba kuwa, kwana bakwai da suka yi zaune tare da shi ba magana, shi ne alherin da suka yi masa. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa, Allah da kansa ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba.

Ki koma sujada, ko da a bencin baya za ki zauna, ko da ba za ki buɗe baki a waƙa ba, ko da ba ki da abin sa wa a baiko. Na ga amfanin wannan da idona a Janairun 2015, lokacin mun riga mun dawo Yamai da zama. Ranar Juma'a 16 ga wata aka ƙone majami'u a Damagaram, Asabar 17 abin ya iso nan, gomman majami'u suka ci wuta cikin yini ɗaya. Mu wata Hajiya maƙwabciyarmu ce ta shigar da mu ɗakinta, ta tsaya a ƙofar gida da kanta, ba zan manta mata ba har in mutu. Da muka sake haɗuwa don sujada, a tsakar gidan wani dattijo ne, kan tabarmi, wasu Littattafan duk ƙauri. Rabinmu ba mai iya waƙa don kuka. Waɗanda suka iya suka yi, muryarsu ta ɗauke mu. Tun daga ranar nake karanta Markus sura 2 da wani ido: shanyayyen nan bai kai kansa wurin Yesu ba, mutum huɗu ne suka ɗauke shi, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi, kuma an rubuta cewa bangaskiyarsu Yesu ya gani. Akwai lokacin da ke ce mai riƙe da bakin tabarma, akwai lokacin da ke ce kwance a kai. Yanzu naki na kwanciya ne, ki bari a ɗauke ki.

Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai kin faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki samu matar fasto ko shugabar zumuntar mata, ki gaya mata adadin kuɗin hayar da na lakwal, a fili. Ikilisiyoyinmu ba masu kuɗi ba ne, amma na sha ganin an haɗa tiya-tiya an cika buhu, na ga dattijo ya taka ya je ya roƙi mai gida ya ƙara wa'adi, aka kuma ƙara. Wasu za su yi gulma, gaskiya ne, amma ba su kai yawan da kike tsoro ba.

Kada ki manta da maigidanki. Namijin da ya saba fita da safe ya dawo da leda a hannu, in ya wayi gari ba wurin zuwa, abin da ke cinsa ba ya faɗa. Wataƙila shi ma addu'ar ta tsaya masa, yana ɓoye miki kamar yadda kike ɓoye masa. Ba sai kun yi doguwar addu'ar iyali ba. Da dare in yara sun kwanta, ki ce ya karanta miki Zabura ɗaya. Nawa maigidan ya dawo daga Abijan hannu wofi, ya tarar da kabarin ɗiyarsa, mun daɗe muna kwana ɗaki ɗaya kamar baƙi kafin mu iya yin kuka tare. In ya samu ƙaramin aiki, ko kabu-kabu ne, ko lodin kaya a kasuwar Katako, ki karɓi abin da ya kawo da hannu biyu, ki bar yara su ga kin gode masa.

Ba zan ce miki nan da wata kaza komai zai daidaita ba, don ba a ba ni wannan sani ba, kuma duk wanda ya yanka miki rana, ki yi hattara da shi. Autata ba ta dawo ba. Amma bakina ya buɗe, na sake yin waƙa, yau kuma ni ke zuwa ƙofar wasu da ƙwarya.

Ki aiko mini saƙo ni kaɗai, ki gaya mini unguwarku. Ni ina Bukoki, amma ko Harobanda ne zan haye gada in zo. Ranar Alhamis da yamma matan zumuntarmu ke haɗuwa. In ba ki shirya shiga mutane ba tukuna, ni zan fara zuwa wurinki. Ki haɗa mini da hoton takardar tuƙin maigidanki, akwai masu motocin haya biyu a ikilisiyarmu da zan yi wa magana ranar Lahadi, ki kuma rubuto ajin da kowane yaro yake.